'YA'YA MAZA A KURMI, IYAYE MATA A ƘAUYE

Wanda ya sauka a Gariki ta Inugu da sassafe, lokacin da manyan motoci suke sauke shanu da awaki, zai ji Hausa ta cika masa kunne kamar yana tashar Kafanchan. Haka abin yake a Ama Hausa ta titin Owerri cikin birnin, da gindin gadar Anacha da titin Bida, da kasuwar Fruit Garden ta Fatakwal, har zuwa Oyigbo. Amma in ya bar sauraro ya soma duban fuskoki, zai lura cewa kusan duka maza ne, yawancinsu tsakanin shekara 18 zuwa 45: 'yan dako, masu tura baro, masu tsire, masu gyaran takalmi, 'yan canji, masu gadi, dillalan albasa da wake da doya. Mata ba su rasa ba. Akwai masu tuwo, akwai matan manyan 'yan kasuwa waɗanda suka daɗe da zama. Sai dai a cikin wannan taro ɗiba ɗaya za a yi musu.

Kowane saurayin da yake kwana a rumfar kasuwa a can giɓi ne a wani gida na Arewa. Kada iyalan masu bi su ɗauka zancen na maƙwabtansu Musulmi ne kaɗai. A bakin mutumin Anacha ko Fatakwal, duk wanda ya fito daga hayin Binuwai yana jin Hausa sunansa Bahaushe, ko Aboki, ko da Bajju ne daga Zonkwa, ko Basayi daga Tafawa Ɓalewa, ko Batangale daga Billiri, ko Dakarkari daga Zuru, ko Bahaushe mai bi daga ƙauyukan Kano da Katsina. Majami'un da suke sujada da Hausa a waɗannan birane, da na cikin barikokin soja da na 'yan sanda, sun san wannan sarai, gama a wurare da dama bencin maza a cike yake, na mata kuwa da sauran wuri. A ƙauye abin ya juye: Zumuntar Mata ce take riƙe da ikkilisiya, furfura kuma ta fi yawa a ƙarƙashin ɗankwali.

Hanyar ba sabuwa ba ce

Cin rani ya girmi Nijeriya. Tun kafin zuwan Turawa matasa sukan bar gida bayan kaka, su rage wa rumbu baki, su komo da faɗuwar ruwan fari. Mafarauta da fatake daga Arewa sun kafa zango a Elele ta ƙasar Ikwerre tun kafin a san da birnin Fatakwal. Abin da ya faɗaɗa hanyar shi ne jirgin ƙasa. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, layin dogo daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916, ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan a 1927, gadar Makurɗi kuma ta samu a 1932. Shanu da gyaɗa da wake suka gangara, manja da gari suka haura. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa zangunan, amma bayan yaƙi mutane suka koma.

Abin da ya sake shi ne tsawon tafiyar. Ɗan ci-ranin dā wata huɗu ko biyar yake yi, ya dawo ya kama fartanya. Na yanzu yakan shekara biyu ko uku bai ga damina a gida ba, domin in ya tashi wani zai gaje rumfarsa ko gidan da yake gadi, kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Ga ƙasar noma ta ƙaranta a wasu wurare, a wasu kuma 'yan bindiga sun hana zuwa gona. Ci-rani ya zama ƙaura, amma ƙaurar rabin gida.

Me ya sa tsofaffi mata suka fi yawa

Tafiyar samari ba ita kaɗai ta kawo wannan rinjaye ba. Ƙidayar 2006, wadda har yanzu ba a yi wata bayanta ba, ta nuna maza sun ɗara mata kaɗan a ƙasar baki ɗaya. To, ina gwaurayen ƙauye suka fito da yawa haka? Amsar tana cikin ranar aure. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna mace takan yi auren fari tana wajen shekara 19, namiji kuwa yana kusan 28, a Arewa kuma 'yan mata sun fi haka saurin aure. Macen da mijinta ya girme ta da shekara takwas ko goma, ga shi kuma mata sun fi maza tsawon rai kusan ko'ina a duniya, tun ranar ɗaurin aure an rubuta mata shekaru masu yawa na zaman gwauranci. Namijin da matarsa ta rasu, ko yana da shekara 65, dangi ba za su bar shi ya shekara ba mai dafa masa ba. Mace mai wannan shekaru ba wanda yake kawo zancen. 'Ya'yanta mata sun tafi gidajen aure a wasu garuruwa, kamar yadda al'ada ta tsara. 'Ya'yanta maza, waɗanda al'adar nan ta ce su ne inuwarta, suna Oyigbo.

A ƙasashe da yawa na Arewa ta Tsakiya gona ta maza ce. Gwauruwa tana nomawa ne a ƙarƙashin sunan ɗanta. Muddin ɗan yana gari, iyaka ba ta motsi. In ya yi nisa, sai ƙanen marigayi ya fara cin kunya ɗaya bana, biyu baɗi, yana cewa ai ba ta iya nome ta duka. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, ba ta iyawa. Amma gonar da aka karɓa don a taimaka ba safai take komowa ba.

Abin da kuɗi yake yi, da abin da ba ya yi

Ba daidai ba ne a zargi waɗannan samari da rashin tausayi. Da yawansu suna kwana goma sha a ɗaki ɗaya, suna cin garin kwaki da ƙuli, domin su aika da wani abu a ƙarshen wata. Kuɗin Kurmi ya rufa gidaje da kwano, ya sayi taki, ya biya makaranta, ya gina majami'u. Zuwan wayar salula a 2001, da masu POS a baya-bayan nan, ya sa saƙon da dā ake damƙa wa direban tirela yana isa cikin minti biyar.

Amma a duba hannun da saƙon yake faɗawa. Tsohuwa ba ta da asusu a banki, ba ta karatu, wataƙila ba ta da waya. Kuɗin yana bi ta hannun jika, ko ƙanen miji, ko mai shago a bakin kasuwa, kowa kuma yana da tasa bukata. Lokacin canjin takardun naira a farkon 2023 an ga iyakar wannan tsari: kuɗi yana cikin waya, tsaba babu, tsofaffi suna kai kaza kasuwa su komo da ita.

Ko da ya isa cif, akwai abin da ba ya saye. A ɗauki yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin mutane 100 masu shekara 40 zuwa sama kimanin 4 makafi ne, yanar ido ce babban dalili, mafi yawan makantar kuma ana iya hana ta ko a warkar. Aikin cire yana ba ya ɗaukar awa guda, ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da wasu asibitoci da dama. Duk da haka tsohuwa takan zauna shekara biyar a duhu, alhali ɗanta yana iya biya. Abin da ta rasa shi ne mutum: wanda zai ce wannan ba tsufa ba ne, ciwo ne mai magani, ya riƙe hannunta zuwa mota, ya kwana da ita a asibiti, ya ɗiga mata magani mako huɗu, ya mai da ita a duba. Hawan jini ma haka yake. Ba ya ciwo, ba ya sa kuka, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ƙwayarsa ba ta da tsada sosai, amma tana bukatar mai tunawa kowace safiya, da mai kai ta awo.

Ga kuma alkunya. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kira, yaya za ta ce masa a waya tana fitsarin kwance, ko ta kwana biyu ba ta hura wuta ba? "Mama, ya jiki?" "Da sauƙi. Ya aikin? Allah ya yi maka albarka." Ya kashe waya hankalinsa a kwance. Ta san kuɗin mota daga Fatakwal, ta san abin da yake samu, ta zaɓi ta yi shiru. Shi ya sa na dā suka ce zumunta a ƙafa take, waya kuwa murya kaɗai take ɗauka.

Mafi muni shi ne abin da yake samun tsohuwar da gigin tsufa ya kama. Ta fita da dare tana neman mijinta da ya rasu shekara goma, ta yi magana ita kaɗai, ta manta sunan jikarta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi. Amma in yaro ya mutu a unguwa, yatsa yakan nuna ɗakinta. Ba a cika kiran uwar mai ƙarfi mayya ba muddin ɗanta yana tsakar gida. Abin kunya ne a ce wani lokaci daga bakin masu addu'a zargin yake fitowa.

Wadda take ɗauke da kayan

A gidajen da abin bai lalace ba, in an bincika, za a tarar da mace ɗaya a tsakiya: matar ɗa. An auro ta tana da shekara 20, mijin ya yi wata biyu ya koma Anacha. Ita ce rijiya, ita ce itace, ita ce gona, ita ce 'ya'ya huɗu, ita ce wankin surukar da ba ta iya tashi. Ba ta da albashi, ba ta da hutu, sau da yawa ba ta da godiya, domin in miji ya aiko da kuɗi shi ake sa wa albarka. In ta gaji ta yi magana, a ce ba ta da tarbiyya. Ita ma tana da uwa a wani ƙauye, wadda wata matar ɗa take dubawa ko ba ta dubawa. Bayan shekara arba'in kuma ita ce za ta zauna a wannan ɗaki. Kowane shiri na kula da tsofaffi wanda bai fara da wannan mace ba, magana ce kawai.

In igiyar ta tsinke

Rayuwar tsohuwa tana rataye ne da lafiyar mutum guda a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. A watan Fabrairu na 2006, bayan an kashe Kirista an ƙone majami'u a Maiduguri, ramuwa ta ɓarke a Anacha. 'Yan Arewa suka tsere ta kan gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja, da yawa suka mutu, masu kisan kuma ba su tsaya tambayar katin baftisma ba. A watan Oktoba na 2020 aka yi tashin hankali a Oyigbo. Daga watan Agusta na 2021 umarnin zaman gida na ranar Litinin ya yi ta cin rana guda cikin makon mai neman na yau a jihohin Ibo, tsawon shekaru. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanya daga Jihar Ribas zuwa Kano domin salla, aka kashe 16, akasarinsu daga ƙauyukan Bunkure. Musulmi ne, amma hawayen uwa ba shi da ɗarika. Jaridu sun ƙirga gawa. Gidajen da tukunyarsu ta dogara ga waɗannan mutane sun fi gawawwakin yawa.

Akwai kuma tsofaffin da ba a cika tunawa da su ba, wato mazan da suka tsufa a zango. Mai gadin da ya zo Fatakwal yana saurayi, yanzu ido ya raunana, maigida ya ɗauki kamfanin tsaro. Kunya ta hana shi komawa hannu wofi, gonarsa ta shige hannun dangi, 'ya'yansa sun san shi ne ta hanyar saƙo. A wurin da babu mata babu mai dama masa kunu. Sarkin Hausawa da 'yan kasuwa sukan yi karo-karo su sa shi a motar shanu da za ta koma wofi, wani kuwa gawarsa ce take samun wannan gata.

Hukuma ta yi nata a takarda. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019. Jihar Ekiti ta taɓa biyan tsofaffi naira 5,000 a wata daga 2011. Macen da ta yi shekara 50 tana noma da surfe ba ta taɓa karɓar albashi ba, saboda haka babu fanshon da ya san sunanta.

Abin da Nassi ya nuna

Littafin Rut labarin irin wannan gida ne. Yunwa ta kori Elimelek daga Baitalami zuwa Mowab, maza uku suka mutu a baƙunci, mata uku suka ragu. Wadda ta riƙe Na'omi matar ɗa ce, baƙuwa, ba jininta ba. Abin lura shi ne ƙaunar Rut kaɗai ba ta ciyar da su ba. Akwai doka a Littafin Firistoci sura 19 wadda ta hana mai gona ya girbe har gefe, domin matalauci ya yi kala, akwai kuma Bo'aza wanda ya kiyaye dokar, ya hana barorinsa su dami Rut, daga baya ya tsaya a ƙofar gari a kan maganar gonar Na'omi. Ƙauyen Arewa ya san kala. Tambayar ita ce ko har yanzu yana da mai tsayawa a kan gonar gwauruwa. Matan Baitalami kuwa, a sura ta 4, sun yi abin da ba safai ake yi ba: sun yabi matar ɗa a fili, suka ɗaukaka ta bisa 'ya'ya maza bakwai.

A Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa masu keɓe dukiyarsu da sunan Allah domin su kuɓuta daga taimakon iyaye. Wannan ya shafi ɗan'uwan da ake kiran sunansa a ranar godiya a majami'ar birni saboda babban baiko, alhali ɗakin uwarsa yana yoyo. Ya shafi mai karɓar baikon ma, in ya sani ya yi shiru.

Manzo Bulus a 1 Timoti sura 5 bai bar zancen a iska ba. Ya ɗora nauyin fari a kan 'ya'ya da jikoki, ya kira shi rama wa iyaye alherinsu, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da nasa. Sa'an nan ya umarta a rubuta gwaurayen da ba su da kowa, daga shekara 60, ikkilisiya ta ɗauke su. Ashe akwai littafi, akwai sunaye. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai sanannu aka danƙa musu aikin. Ubangiji kansa, yana kan gicciye, bai bar uwarsa ga jama'a ba. Ya nuna almajiri guda, almajirin kuma ya kai ta gidansa.

Wannan shi ne abin da gidaje da yawa suka rasa. Inda 'ya'ya biyar suke, kowa yana zaton wani ya yi. Zaman Kirsimeti, lokacin da motocin Kurmi suke cika, ya fi dacewa da wannan magana fiye da rabon atamfa: wa zai kai Mama awon jini kowane wata, nawa ne rabon kowa, hannun wa kuɗin zai bi, wa zai tabbatar ya isa, wa zai bar rumfarsa ya zo damina bana, wa baɗi. 'Ya'ya mata su zauna a wannan shawara, gama sun fi kowa sanin abin da uwa take ɓoyewa, mazajensu kuma su tuna surukarsu uwa ce. Matar ɗa a yanka mata rabonta na kanta, a ba ta mako biyu ta je ta ga nata iyaye. Iyakar gonar gwauruwa a nuna ta a gaban dattawa da mai unguwa, a rubuta, tun ɗan yana gari.

Ɗauko tsohuwa zuwa birni ba kullum ne magani ba. Ɗaki ɗaya a Diobu, cikin harshen da ba ta ji, nesa da ƙawayenta na zumunta da kabarin mijinta, yakan karya ta fiye da yunwa. A tambaye ta tukuna, gama mutum ce, ba kaya ba.

Ikkilisiyun biyu kuwa, ta zango da ta ƙauye, suna kiwon gida ɗaya ba su san juna ba. Faston Inugu yana ganin ɗan kowace Lahadi, mai bishara na ƙauye yana ganin uwar, da wuya ɗaya yana da lambar wayar ɗayan. Da sakataren majami'ar birni zai ƙara layi biyu a littafin membobi, sunan ƙauye da sunan wanda yake duba iyaye, da mai bisharar da ya tarar da tsohuwa kwance ranar Talata ya san wanda zai kira kafin dare.